Baffa Duba-Gari da Jujin Yayansa

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Baffana, ƙanin mahaifina, wanda mutanen ƙasar Bebeji da Kiru suka fi sani da Duba-gari, ya amsa kiran Ubangijinsa ranar wata Laraba da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Da na shiga gidan rasuwar, abin da na fara ji ba kuka ba ne, ƙarar tsintsiya ce. Matan unguwa sun riga ni zuwa, kuma maimakon in tarar da su jugum a kan tabarmi, sai na ga wasu a duƙe suna share tsakar gidan da ko tsinke babu, wata kuma ta kifa randa tana ta dirza. Hawaye na zuba, hannu na aiki. Gwaggo, wadda take bin Baba shi kuma Baffa yake bin ta, tana zaune a ƙofar ɗaki da carbi a hannu. Ta dube su ta ce, "Ku daina wahalar da kanku, yau dai ba zai leƙo ba." Wata ta tuntsire da dariya, dariyar ba ta kai ko'ina ba ta koma kuka, mu kuma muka taya ta.

A waje, in ji maigidana, tabarmi sai da suka yi kaɗan. Masunta sun bar jiragensu a bakin ruwa sun zo. Mahauta sun yi mota daga Kwanar Dangora, har da sarkin fawansu, wanda kowa ya san ya taɓa zare wa Baffa ido a tsakiyar kasuwa saboda ya hana shi zubar da kashin tumbi a bayan rumfa. Shi ne ya fi kowa share hawaye. Ya riƙa cewa, "Mutumin nan ya ɓata mini rai ya fi a ƙirga, amma wallahi ko sau ɗaya bai taɓa wulaƙanta ni a gaban yarana ba." Wani tsoho ma ya zo tun daga Riruwai, wai sun saba tun lokacin da Baffa yake aiki a can cikin masu haƙar kuza.

Amma duk wanda ya yi gaisuwa ya zauna, sai ya saci kallon Baba. Yana can gefe, ya jingina da bango, ana cewa "Allah ya ji ƙansa" yana cewa "amin," bai ƙara komai a kai ba. Dalilin kallon ba ɓoyayye ba ne. Kowa a garinmu ya san tun shekarar juji babu abin da yake shiga tsakanin Baba da ƙaninsa sai sallama da amsawa. Ni kuwa abin da ya zaunar da ni in rubuta wannan, da 'yar bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, tsoro nake ji kada nan gaba a manta da Baffa gaba ɗaya, ko kuma a riƙa tuna shi da cewa shi ne wanda ya ɓata da yayansa a kan shara.

Baffa shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifinsu ya rasu Baffa yana ƙarami, Baba ne ya riƙe shi. Da aka zo neman yaran da za a kai boko, shi aka miƙa, don a lokacin wanda ake ganin ba zai yi ƙarko a gona ba shi ake bayarwa. Baba ya daɗe yana yi masa tsiya da wannan. In sun zauna hirarsu ta bayan la'asar a gindin rimin ƙofar gidanmu na tsohon gari, sai ya kama hannunsa ya juya ya ce, "Dubi tafin hannu kamar na jariri. Auta, da wannan za ka ci da iyali?" Baffa ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai kai ka sayar da ni, yanzu kuma kana kuka da ciniki." Haka za su yi ta yi har a kira magariba, mu muna jiyo su daga cikin gida.

A wancan zamanin duba-gari abin tsoro ne. Da an hango kaki da keke sun shigo gari, sai ka ji tsintsiya ta ko'ina, don in ya sami ƙazanta a gida, sammaci ne, sai gaban alƙali. Baffa bai ɗauki aikin haka ba. Yakan ce wanda aka ci tara alƙali yake tsoro ba ƙuda ba, kana ba da baya zai koma gidan jiya. Shi zama yake yi. Ya jingine kekensa, ya cire malafa, ya nemi waje a zaure, ya tambayi maigida lafiyar jaki da ta awaki, sannan a hankali ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Karatunsa ɗaya ne, mun haddace shi kamar Fatiha: shara akwai wadda ƙasa take ci, akwai wadda wuta take ci, akwai kuma wadda babu mai cin ta sai rami. Toka da kashin awaki da ƙaiƙayi na gona ne. Tsumma da tsohuwar tabarma a ƙone. Gwangwani da fasasshiyar kwalba da mataccen batir da mushe kuwa a haƙa musu rami mai zurfi a rufe. Matan garinmu har waƙar daka suka mayar da shi don tsokana, ya ji, ya ce a ci gaba, ya fi a manta.

Kayan aikinsa ludayi ne mai doguwar ƙota na duba randa, sai buta da take rataye a kekensa. Butar ba ta alwala kaɗai ba ce. In ya ga juji ko kwatami a wurin da bai yi masa ba, ba ya gardama. Sai ya tsiyaya ruwa a gindin abin, ya ce da maigida, "Malam, mu bi shi mu ga inda za shi." Su bi ruwan da ido, in ya ƙare ya ƙara. Inda ruwan buta ya nufa, nan ruwan sama zai kai duk abin da ya kwaso. Da yawa a nan suke nemo fartanya da kansu.

Ko 'yan'uwansa bai ƙyale ba. Wata rana Gwaggo ta ji sallamarsa, ta tuna da wani tulu da ta manta a bayan madafi, ruwan ciki har ya yi 'ya'yan sauro. Ta yi wuf ta lulluɓe shi da tsohon zane, ta zauna kusa tana tsince shinkafa kamar ba ta san komai ba. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya leƙa randuna, ya yaba. Sai ya ce, "Yaya, ƙishi nake ji. A ba ni na wancan da aka yi wa lulluɓi, da alama shi ne na manyan baƙi."

Ta ce, "Auta, ni za ka yi wa wannan? Ni da na goya ka?"

Ya ce, "Ai shi ya sa na roƙa. Wadda ta goya ni ba za ta ba ni ruwa mai tsutsa ba."

Da kanta ta kinkimi tulun ta zubar, tana yi tana kiransa ɗan nema. Bayan ya fita ta aika masa da fura.

Shekarar da aka ce mu tashi saboda ruwan dam ɗin Tiga zai ci garinmu, ina da aure, ina goyon 'yata ta fari. Kowa ya kwashi abin da yake ganin ba zai iya rabuwa da shi ba. Wani ƙyaure ya ɓalle, wani azara ya zare, mata suka ɗauki turame da duwatsun niƙa. Baba kuwa juji ya ɗauka.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai yi dariya, mu ma wasunmu sun yi. Amma a wurin manomi juji ba ƙazanta ba ne, arziki ne. Duk tokar murhu da sharar turke da ta tsakar gida can ake tarawa, in bazara ta yi a loda a mangala, jakuna su kai gona. Har masu zuwa neman aure sukan saci kallon jujin gida, don shi yake faɗar yawan dabbobi da yawan bakin da suke ci. Namu kuma tun zamanin kakanmu ba a taɓa kwashe shi ƙarƙaf ba, kullum sai an bar gindinsa, har ya yi baƙi ƙirin ya yi laushi. Wannan gindin Baba ya riƙa jida da jakuna, sahu bayan sahu, rana tana dukansa, har ya kawo shi sabon gari. Ya jibge shi gabas da zaure, don a tsohon gida ma gabas da zaure yake. Abin da bai lura da shi ba, a can gabas gangarenta fadama take kallo, a nan kuwa rijiyar da aka haƙa mana take kallo, wadda duk unguwa muke sha.

Da lokacin kai taki ya yi, kowa ya kai nasa gonar da aka yanka masa. Baba ya ƙi. Ya ce wannan gonar aro ce, ba zai zuba takin gidan ubansa a cikinta ba. Shi a ransa zaman nan na ɗan lokaci ne. Ya ga shekarun fari da idonsa, ya ga kogi ya ƙafe har yara suna wasa a tsakiyarsa, don haka ya tabbata ruwan dam ma wata rana zai janye mu koma, ya mayar da jujinsa inda ya ɗauko shi. Ba ya faɗa da wasa, kuma babu mai ƙarfin halin musa masa.

Sai ga kifi ya shigo rayuwarmu. Mu manoma ne, da ba mu san kifi ba sai a miya. Da ruwa ya zo ƙofar gida, samari suka koyi jefa taru, har da yayyena da maigidana. Ana ta fawar karfasa da tarwaɗa, ana banda. Kayan cikin kifin kuwa muka yi da su abin da muka saba yi da duk abin da ya fito daga gida, muka riƙa watsa su kan juji. Ba mu san wannan ba irin sharar da muka gada ba ce. Kafin a ankara ƙuda ya yi mana sallama, irin manyan nan koraye, wari kuma ya hana zaman ƙofar gida.

Daminarmu ta farko a sabon gari ba na son tuna ta. Ruwa ya riƙa wanko juji yana bi ta bakin rijiya, yara suka fara amai da gudawa gida gida. 'Yata tana cikinsu. Idonta ya faɗa, wuyanta ya saki, in na ba ta nono sai ya dawo. Asibitin sha-ka-tafi yana da nisa, ga hanya ta caɓe. Baffa ne kullum da safe, kafin ya wuce aiki, yake ɗaura garwa a bayan keke ya je wani ƙauye ya ɗebo mini ruwa, ya tsaya a kaina sai ya ga ya tafasa. In na ce, "Baffa, wahalar ta yi yawa," sai ya ce, "Ke dai hura wutar." Allah ya tashi kafaɗarta. Ba kowace uwa ce ta yi irin sa'ata a daminar nan ba, maƙwabciyata ɗanta na goye ya tafi.

Baffa ya bi gari da butarsa, zaure zaure. Mutane sun tsorata, don haka ba su ja da shi ba. Aka mayar da jujai bayan gari ta yamma, aka haƙa wa kayan kifi rami, aka ɗaga bakin rijiya. Saura guda ɗaya, wanda ya fi kowanne girma kuma ya fi kowanne kusa da rijiyar. Ranar da ya je wa Baba da maganar ina gida, na je nuna wa Innata jikin yarinya, don haka ta bayan zaure na ji komai. Ya gaishe shi a durƙushe kamar yadda ya saba, sannan ya tsiyaya ruwa a gindin jujin. Ruwan ya miƙe sak.

Ya ce, "Yaya, ka ga inda ya nufa."

Baba ya ce, "Na gani. Ƙasar nan ce karkatacciya, ba jujina ba. Je ka gaya wa waɗanda suka kawo mu su daidaita ta."

"Ko bayan gari ne mu mayar da shi. Ni zan nemo jakuna, ba sai ka taɓa ba."

"In kai tokar murhun uwarmu inda ake yar da mushe? Auta, boko ne ya mayar da kai haka?"

Baffa ya ce a hankali, "Yaya, jikarka ce ta kwanta."

Da ma bai faɗi wannan ba. Na ji Baba ya miƙe, na ji yana kakkaɓe riga. Ya ce, "To, ni na kwantar da ita ke nan. Ka kawo mini sammaci, ai aikinka ne."

Baffa bai kai ba. Dagaci ma ya kira shi ya ce ya rubuta kawai a wuce wurin, ya ce shi ba zai tsayar da wanda ya riƙe shi a gaban alƙali ba. Abin da ya iya shi ne ya lallashi yayyena suka daina zuba kifi a wurin, ya kuma tuɓe kakinsa ya haƙa 'yar kwata da za ta karkatar da ruwa. In an yi yayyafi tana aiki, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya tsallake ta. Da haka aka lallaɓa har damina ta wuce. Amma da rani ya yi, tsoro ya sake mutane, sai jujai suka fara dawowa ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya. Bayan gari da nisa, mata sun gaji. In Baffa ya yi magana sai a ce, "Malam, ka fara da na yayanka." Sai kawai ya hau kekensa. Ni kuwa in na dubi 'yata tana tatata, na dubi gabas na ga hadari ya fara haɗowa, sai in tuna daminar da ta wuce.

Ana cikin bazara, lokacin da ruwan dam yake kai ƙarshen janyewarsa, Baffa ya zo wurin maigidana ya ce yana son aron jirginsa da shi kansa. Daga nan ya wuce wurin Baba ya ce, "Yaya, ruwa ya ja sosai bana. Zo mu je mu dubo gari." Innata ta ce rabonta da ganin Baba cikin irin wannan fara'a tun kafin tashi. Ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ɗauki 'yar fartanya, wai zai share kabarin mahaifiyarsu in ya fito.

Sauran labarin daga bakin maigidana na ji, shi ya tuƙa su. Ya ce tun da suka bar gaɓa Baba yake nuni da hannu, nan ne hanyar kasuwa, can ne gonar wane, a mayar da jirgi dama kaɗan. Babu komai sai ruwa, amma shi yana ganin abinsa. Can suka hango wasu busassun rassa sun leƙo sama, balbelu sun jeru a kai. Baba ya gane su. Kan rimin ƙofar gidanmu ne, wanda ko samari ba sa iya hawa ƙarshensa. Da suka isa, Baffa ya ce wa maigidana ya zura gorar tuƙi. Ya zura har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa, ba ta taɓa komai ba.

Baffa ya ce, "Yaya, iyakar janyewarsa ke nan. Daga yau sai ƙaruwa, kuma bana ma ba a yi ruwan kirki ba."

Baba ya kama reshe ɗaya ya riƙe. Ya daɗe a haka, jirgi yana lilo, fartanyar tana kan cinyarsa. Sannan ba tare da ya juyo ba ya ce, "Ka san haka ka kawo ni?"

"Na sani, Yaya."

"Har ka bar ni na ɗauko fartanya?"

 Maigidana ya ce da ya dubi Baffa, hawaye ne yake bin gemunsa. Baba ya saki reshen ya ce, "Mayar da ni."

Washegari da safe muka ga Baba ya ɗaura wa jakinsa mangala yana loda juji. Baffa ya zo da gudu ya kama shebur zai taya shi, Baba ya ce, "Bari. Ka yi naka." Shi kaɗai ya jide shi, kamar yadda shi kaɗai ya kawo shi, ya watsa a gonar da yake kira ta aro, har gindin da ba a taɓa kwashewa ba. Da mutane suka ga haka, babu wanda ya jira a yi masa magana. Kafin ruwan shuka ya sauka ƙofofin gidajenmu sun yi fes.

Daminar nan yara suka sha ruwa lafiya, da wadda ta biyo ta, har zuwa yau. Dawar Baba ta yi kyan da masu wucewa suke tsayawa kallo. Amma shi bai ƙara ambaton tsohon gari ba, kuma bai ƙara zama hira da ƙaninsa ba. Ba gaba ya yi da shi ba, Baba yana tsoron Allah. In Baffa ya yi sallama yana amsawa, in ya ce ina kwana yana cewa lafiya, daga nan sai ya mayar da ido kan igiyar da yake tufka. Baffa kuwa bai fasa zuwa ba. Kowace safiya sai ya jingine kekensa ya durƙusa, ya ɗan jira ko za a ƙara wata kalma, sannan ya tashi. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce su biyun sun fi jaki taurin kai, babu abin da ya sauya.

Na taɓa tambayar Baffa ko yana da-na-sani. Yana gyara sarƙar kekensa a lokacin, bai ɗago ba. Ya ce, "Da sammaci na kai masa, da juji kawai za a raba shi da shi, ya yi fushinsa ya huce, yana nan yana jiran ruwa ya janye. Ni kuwa gari guda na raba shi da shi." Ya goge hannu da tsumma, ya dubi 'yata tana wasan ƙasa a gefe, ya ce, "Amma da sammaci, wani jujin zai sake tarawa a wurin." Har yau ban iya yanke hukunci a tsakaninsu ba. 'Yata a rijiyar nan take sha, mahaifina kuma a yini ɗaya na ga ya tsufa, kuma dukansu ina son su.

Da Baffa ya kwanta, mun sa rai ciwo zai yi abin da muka kasa. Baba ya je dubiya, ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Yaya jiki?" Baffa ya ce, "Da sauƙi, Yaya." Sai shiru. Gwaggo ta yafito mu muka fita don mu ba su wuri, muka tsaya a bakin ƙofa muna kasa kunne. Mun ji Baba ya yi gyaran murya kamar zai yi magana, ya sake yi, sannan ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya fito. Ina jin ya ɗauka akwai sauran lokaci, don shi ne babba, bai taɓa kawo wa ransa shi zai binne auta ba.

Allah ya ji ƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya tsarkake shi daga kurakuransa fiye da yadda ya yi ta fama ya tsarkake mana gari. Ya sa kowane kurɓin ruwa da yaranmu suka sha lafiya ya zama nauyi a mizaninsa. Mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa.

Sai da aka watse zaman makoki maigidana ya gaya mini abin da ya faru a maƙabarta. Ya ce da aka gama rufewa aka yi addu'a, jama'a suka juya, Baba bai tashi ba. Ya tsuguna a gefen kabarin yana daidaita ƙasar da tafin hannu, alhali an riga an daidaita ta. Maigidana ya tsaya daga nesa yana jiransa. Da kowa ya yi nisa, Baba ya yafito shi, ya dafa ƙasar da take gefen kabarin, wurin da ba a haƙa ba tukuna.

Ya ce, "In tawa ta zo, nan za ku sa ni. Mun daɗe ba mu yi hira ba."